Injin numfashina ya fara wari, na rasa daga ina yake fitowa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara biyu ke nan da aka yi min gwajin barci aka ce numfashina yana ɗaukewa cikin dare, likita ya ɗora ni a kan injin CPAP, mai tura iska ta takunkumi cikin barci. Alhamdulillah, tun daga lokacin minsharin da ke korar uwargida zuwa falo ya tafi, gyangyaɗin da nake yi a shago da hantsi shi ma ya tafi. To yau kusan mako uku, da na ɗaura takunkumin na kunna sai wani bashi ya bugi hancina, irin na kayan wanki da aka jiƙa a bokiti aka manta da su kwana biyu. Wasu dararen kuma, can wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, sai wani warin daban ya hau kansa, kamar hayaƙi. Na wanke takunkumin da sabulu, babu canji. Shekaranjiya maman yara ta ce bari ta taimaka, ta ɗiga min turare a tankin ruwan. Wallahi ban yi minti goma ba na fizge shi, tari har da hawaye. Kwana biyu ke nan ban sa ba, ga ciwon kan asuba ya dawo. Injin ne ya lalace ko me? Kuɗin sabo ba abin wasa ba ne a wannan marra.

Sarkin Minshari:
Wa alaikumus salam. Malam ka tabbata ba tafarnuwar miyar dare ba ce take dawo maka? Ni ranar da na ci dambu da albasa, ni da injin sai da muka yi hannun riga.

Maman Hanifa:
Kai Sarki, mutum yana cikin damuwa kana tsokana. Baban Ummi sannu, Allah ya sawwaƙe. Maigidana shekara huɗu yana amfani da shi kuma ni ce mai wankewa, don haka tambaya ɗaya zan yi maka, ka faɗi tsakaninka da Allah. Ruwan da ke cikin tankin, kullum da safe kake zubar da shi, ko dai in ya ragu ƙari kake yi a kai?

Baban Ummi:
Hajiya kin kama ni. Ƙari nake yi. Ina ganin ai ruwan leda ne mai tsabta, me zai same shi a cikin roba a rufe? Tiyon kuwa gaskiya tun bayan ƙaramar Salla ban wanke shi ba.

Maman Hanifa:
To ai ruwa ba ya tsami banza. Ruwan nan injin yana ɗumama shi duk dare, gari ya waye ka bar shi a rufe cikin zafin ɗaki, ga damina, ko tufafi a durowa funfuna suke yi. Ciro tankin yanzu ka sa yatsa a kusurwoyinsa. In ka ji santsi, ko ka ga wani ja-ja ko baƙi-baƙi a jikin robar bakin murfin, ka samu ɓarawonka.

Sista Bilki:
Kafin a je ko'ina, maganar turaren nan ce ta fi tsaya min. Baban Ummi don Allah kada a sake. Na san uwargidanka da kyakkyawar niyya ta yi, amma duk abin da aka sa a tankin nan huhunka zai je kai tsaye, iska na tura shi da ƙarfi awa shida ko bakwai. Turarukan nan yawancinsu mai ne ko sifirit. Mai idan ya riƙa shiga huhu yana taruwa ya haddasa wani irin ciwon huhu mai wuyar sha'ani, sifirit kuma yana ƙona hanyar iska, shi ne tarin da ka yi. Haka man zafi, haka Dettol, haka bilic. Ruwa kaɗai ake zubawa. Sannan turaren yana kama roba, da wuya ya fita gaba ɗaya, ka shirya wataƙila sai ka sayi sabon tanki.

Na biyu, kwana biyun da ka yi ba inji. Kai da aka tabbatar numfashinka yana ɗaukewa, barin sa ba ƙaramin abu ba ne, musamman in kana da hawan jini ko kana tuƙi. Yawancin injinan suna aiki ba tare da ruwa ba. Ka kashe ɗumamar a cikin saitin, ka bar tankin a wanke a bushe, ka kwana da shi haka kafin a gano bakin zaren. Hanci zai ɗan bushe, amma ya fi ka kwana kana shaƙewa.

Injiniya Na Sabon Gari:
Ni gyaran kayan asibiti nake yi, irin waɗannan injinan suna zuwa hannuna. Abin da mutane ba su gane ba shi ne injin nan ba ya ƙirƙirar iska, ba tukunyar oksijin ba ce. Fanka ce ƙarama a ciki. Tana zuƙo iskar ɗakinka ta wata 'yar kafa a baya ko a gefe, inda filta take, ta bi da ita ta kan ruwa, ta tura ta cikin tiyo zuwa takunkumi. Ke nan wari ba shi da wurin fitowa sai ɗaya daga cikin waɗannan: ɗakin, filta, cikin injin, tanki, tiyo, takunkumi, ko hancinka kai kanka.

Kada ka tsaya canki-canka. Da rana, hanci a huce, ka kwance komai. Sansana takunkumin shi kaɗai. Sansana bakin tiyon, kowane ɓangare. Buɗe tankin ka sansana. Sai ka kunna injin tsirara, ba tiyo ba ruwa, ka kai hanci bakin da iska ke fita. Idan iskar nan ta fito fes, ka yi hamdala, injinka lafiya lau, abin da ya rage aikin sabulu ne. Idan a nan warin yake, ɗauke shi ka kai wani ɗaki, ka sa sabuwar filta, ka bar shi ya yi aiki minti ashirin ka sake sansanawa. In ya tafi, ɗakinka ne. In yana nan, to cikin injin ne, a nan ne magana ta zama tawa ko ta wanda ya sayar maka.

Tambaya: a ina kake ajiye shi, kuma yaushe rabonka da canza filta?

Baban Ummi:
A ƙasa yake kan kafet, gefen gado, jikin bango ta wajen taga, don a nan soket yake. Filta kuwa, Injiniya, sai yanzu da ka faɗa na buɗe ƙofar. Ban ma san ana canzawa ba. Na ɗauka launinta ke nan, ruwan ƙasa.

Ɗan Maraɗi:
Hahaha, fara ce Malam! Fara tas take zuwa. Hunturu biyu ta sha. Mu nan lokacin hazo wata ɗaya ba ta kaiwa sai ta koma kamar an tsoma ta a kunun kanwa. Littafin injina cewa ya yi a canza aƙalla duk wata shida, amma wanda ya rubuta bai taɓa ganin ƙurar Janairu a Maraɗi ba. Ni dozin nake sa a kawo min lokaci guda. Ka lura kuma iri biyu ne. Fara mai kama da auduga ba a wanke ta, yarwa ake yi. Wasu injinan suna da ta soso mai ruwan toka, ita ce ake wankewa a shanya. Ƙurar da ta taru a hunturu ita ce take shan danshi da damina ta fara wannan bashin.

Hajiya Yerwa:
Ni dai na ga an fara zagaye-zagaye za a ɗora wa turare laifi, gara in yi magana. Mu a Maiduguri ɗakin mace ba turaren wuta ai ba ɗaki ba ne. Kakanninmu da shi suka rayu har suka tsufa. Yanzu don maigida ya sa inji sai a ce mace ta bar ɗakinta yana warin damina?

Sista Bilki:
Anti ba wanda ya ce a daina. Sa shi a cikin tankin ne na hana, wannan kam babu sassauci. Na kasko kuwa lokaci za a canza masa. A yi shi da la'asar, injin yana kashe an lulluɓe shi ko an fitar da shi, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin lokacin kwanciya. Kakanninmu ba su kwana da fankar da ke tattara hayaƙin ɗaki tana ɗura musu a hanci ba.

Hajiya Yerwa:
To in da la'asar ne ai da sauƙi. Amma ƙamshin da ya kama labule fa, shi ma laifi ne?

Injiniya Na Sabon Gari:
Na labule ba ya komai Hajiya, hayaƙin ne matsala. Na sha buɗe injin na tarar da cikinsa ya yi danƙo-danƙo ruwan zuma, kamar bangon kicin. Akwai soso a ciki da aka sa don rage ƙara, in ya sha hayaƙi ya sha ke nan, ba a wanke shi. Shi ya sa masu sayen na hannu su yi hattara: injin da mai shan sigari ya yi shekara da shi a ƙasar waje, ko ka canza tiyo da takunkumi da tanki, warin tabar yana nan. Da maganin sauro na kunnawa da filit duk hukuncinsu ɗaya, kada a fesa ɗaki injin yana buɗe, kada a kunna shi sai warin ya baje.

Amma Baban Ummi, ni warin ƙarfe biyun dare ne ya fi damuna. Ka ce injin yana ƙarƙashin taga. Idan an ɗauke wuta, da me kake kunna shi, kuma akwai janareta kusa da tagar?

Baban Ummi:
Ni sola nake da ita. Amma maƙwabcina yana da janareta a lungun da ke tsakaninmu, in an ɗauke wuta cikin dare yana tayarwa. Tagar kuwa a buɗe nake barinta saboda zafi.

Injiniya Na Sabon Gari:
To ka ɗauke shi daga nan yau ɗin nan, kada ka jira gobe. Filtar ƙura kawai take tarewa, ba ta tare hayaƙi. Kuma wanda kake ji da hanci ba shi ne mugun ba. A cikin hayaƙin janareta akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, ita ce take kashe iyali guda cikin barci, kowa ya sha jin irin labarin. In warin hayaƙin ya iso takunkuminka, ita ma tare suka zo. Ka rufe wannan tagar da dare, ka sayi doguwar waya ka mayar da injin ɗaya gefen gadon, kan durowa, ƙasa kaɗan da kanka don kada ruwa ya gangaro ta tiyo. Maƙwabcin kuma a yi masa magana cikin lalama ya juya bakin salansar ko ya matsar da shi.

Sista Bilki:
Ina goyon bayan Injiniya. Ciwon kan asuban nan ma kada ka yanke cewa rashin injin ne kaɗai. In ka ga iyali su ma suna tashi da ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya a daren da aka kunna janareta, ku fita waje ku nufi asibiti.

Abban Texas:
Salam. Na makara, sai yanzu gari ya waye mana. Akwai abin da ban ga an taɓo ba. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranye ga injinansa da yawa, har da DreamStation na farko da System One, kusan miliyan 15 a faɗin duniya. Dalili shi ne wancan soson rage ƙara da Injiniya ya ambata. Nasu an yi shi da wani nau'in roba da ke ruɓewa ya marmashe, mutum ya shaƙi ɓurɓushinsa da iskar da yake fitarwa. Zafi da danshi suna ƙara saurin lalacewarsa, ka ga kuwa yanayinmu na gida ke nan. Hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta nan Amurka ta sa kiranyen a mataki mafi tsanani. Abin da nake tsoro shi ne tsofaffin da ke yawo a kasuwar kayan hannu, mai saye bai san tarihinsu ba. Duk mai irin waɗannan ya duba lambar da ke ƙarƙashin injin, ya kuma leƙa tiyo da tanki ko zai ga baƙin ɓurɓushi kamar garin barkono. Rashin ganinsa ba ya nufin soson lafiya yake. In naka yana ciki, likitanka za ka samu ku yanke shawara tare, kada ka buɗe da sukundireba ka ce za ka ciro soson da kanka.

Baban Ummi:
Na gode Abba. Na juya shi na duba, nawa ba na wannan kamfanin ba ne, kuma sabo na saya a kwali. Baƙin ɓurɓushi ban gani ba.

Matashi 92:
Ni ina ga duk wannan wahalar wankin ba dole ba ce. Akwai wani akwati da ake talla a intanet, ka jefa takunkumi da tiyo ka danna, iskar ozon ta kashe ƙwayoyin cuta. Ba ruwa ba sabulu. Ina shirin saya wa babana.

Abban Texas:
Ƙanina riƙe kuɗinka. A Fabrairun 2020 FDA ta yi gargaɗi a kan akwatunan nan, ta ce a lokacin ba ta amince da su don wanke CPAP ba, bayan mutane sun kai ƙorafin tari da ciwon kai da sarƙewar numfashi, masu asma kuma tana tasar musu. Ozon ɗin da zai isa ya kashe ƙwayar cuta ya fi ƙarfin huhun mutum, kuma yana maƙalewa a tiyo, shi ne wani hamami kamar na bilic da masu amfani da shi suke ji. Philips ma ta ambace shi cikin abubuwan da ke ƙara lalata soson nan, kamfanin ResMed mai ƙera irin injinan kuma ya ce garantinsa ba ya ɗaukar ɓarnar da ozon ya yi. Garin neman gira za ka rasa wa Baba ido.

Matashi 92:
To amma ai sabulu ba ya kashe komai da komai.

Maman Hanifa:
Ɗana, ko akwatin ya kashe su, maiƙon fuska da yawun da suka bushe a takunkumi wa zai cire? Kwanon da ka ci miya da shi hayaƙi kake yi masa ko wankewa? Ga yadda nake yi, ba ya cin minti biyar. Da asuba in zubar da ruwan tanki, in ɗauraye, in kife shi a buɗe. Robar da ke taɓa fuska in wanke ta da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke marar ƙamshi. Ran Juma'a in haɗa da tiyo da igiyoyin kai, in zuba ruwan sabulu a tiyon in toshe bakin biyu da hannu in girgiza, in ɗauraye sosai, in rataya shi a ƙofa baki biyun suna kallon ƙasa. A inuwa fa, rana tana busar da robar ta tsage. In tanki ya yi farin gishiri-gishiri, ruwan khal fari kashi ɗaya, ruwa kashi goma, a jiƙa a ɗauraye. Da damina tiyo ba ya bushewa da wuri, sai in jona shi a injin in bar iska ta bi ta ciki kafin magariba. Kuma na hana Alhaji shafa man kaɗanya ko basilin a fuska in zai kwanta, suna sa robar ta yi laushi ta kama wari.

Ɗan Maraɗi:
Ruwa fa? Ni an ce min sai wanda aka tace ta tururi, to a kantin magani tsada. Wani ya ce in sayi ruwan batir wajen masu gyaran mota, wai duk ɗaya ne.

Injiniya Na Sabon Gari:
Inna lillahi! Kada ka kuskura. Abu biyu ake kira ruwan batir a bakin titi, ɗaya ruwa ne, ɗaya asid ne, kuma sau da yawa a tsofaffin robobi marasa suna ake zuba su. Ko wanda yake ruwan ne ba don huhun mutum aka yi shi ba, ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba. Ruwan da ke ɗiga daga bayan na'urar sanyaya ɗaki ma da wasu ke tara, shi ma a'a, ya bi ta kan ƙura da funfuna.

Abban Texas:
Mu nan kam na tururin muke sa, a kowane kanti akwai shi da araha. Ni ba zan ba da shawarar wani ba.

Sista Bilki:
Abba ku da kuke da shi a ƙofar gida ai shi ne ya fi. Amma kada mu sa mutane su ajiye inji don babu shi. Babban amfaninsa shi ne ba ya barin gishiri a tanki. Wanda bai samu ba ya sa ruwan gora mai kyau, ko ya tafasa ruwan sha ya huce. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta cire gishirin, don haka sai an dage da khal. Ruwan rijiya ko na burtsatse ɗanye ne ban yarda da shi ba. Tsabtataccen ruwan da ake canzawa kullum ya fi na tururin da ya yi mako a tanki.

Malam Na Gusau:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Nawa ba bashi yake ba, ƙauri yake, kamar waya ta ƙone, kuma adaftar tana zafi sosai. Tun da tawa ta asali ta mutu na sayi wata a kasuwa. In ci gaba kafin in samu kuɗi?

Injiniya Na Sabon Gari:
Malam zare shi daga soket yanzu. Duk warin da aka lissafa a sama ana iya lallaɓawa a gyara, ban da ƙauri. Abu ne da kake ɗaure da shi a fuska kana barci kusa da katifa. Adaftar kasuwa ko bakinta ya shiga, ba lallai ƙarfin wutarta ya dace ba, injinan nan wasu volt 12 suke ci wasu 24, kuma farantin ɗumama ruwa yana jan wuta. Inbata mai arha ma tana iya jawo haka. Ko a ƙasashen da wutarsu ba ta rawa abin yana faruwa, a Nuwamban 2023 FDA ta ja hankalin masu DreamStation 2 su lura da zafi ko hayaƙi ko ƙauri. Ka kai shi da adaftar a auna, ka kuma kira likitanka ya san ka tsaya.

Baban Ummi:
Jama'a na dawo da rahoto bayan kwana uku. Na bi tsarin Injiniya. Injin tsirara iskarsa fes, sai ɗan warin ƙura da ya tafi da na sa sabuwar filta. Tanki kuwa, Maman Hanifa kamar kina gani, santsi ja-ja a ƙarƙashin robar murfi, ga turaren ya kama shi, na wanke sau uku da khal har yanzu yana tashi, na yi odar sabo. Tiyo na ɗaga shi a hasken rana na ga ɗigo-ɗigo baƙi a cikin lanƙwasar, na jefar da shi ban tsaya wanki ba. Na mayar da injin kan durowa nesa da taga. Maƙwabcina mutumin kirki ne, ya ce bai taɓa tunanin hayaƙin yana shigo min ba, ya mayar da janaretan bayan gida. Dare biyu ke nan ina barci da shi ba ruwa, warin ƙarfe biyu ya ɓace. Sai dai wani abu: ko ban sa takunkumi ba, wani lokaci da rana a shago ina jin ɗan wari a hancin dama, kuma yana toshewa.

Sista Bilki:
Madalla. Wannan na ƙarshen kuwa ba na inji ba ne, tunda yana bin ka har shago. Toshewa da wari a hanci ɗaya yakan zama kumburin kogon hanci, wani lokaci ma daga haƙorin sama yake tasowa. Ka je likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa, ka gaya masa tsawon lokacin da ka yi kana shaƙar tiyon nan da kuma maganar turaren. Kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis da kanka.

Hajiya Yerwa:
A gaida uwargida, a ce mata na la'asar ɗin ya fi kama ɗaki ma.

Malam Na Gusau:
Injiniya an auna, adaftar ce. Wa ya san inda zan samu ta asali a Kano ko Kaduna? Ku turo min ta akwatin sirri don Allah, daren jiya a zaune na kwana.